Kan Korata Saboda Kukan Inji da Safe

Zuwa ga Manajan kamfanin sayen fata da ƙirgi, wanda na yi wa tuƙi shekara shida.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni ne Garba direba, na unguwar Shahuci. Sau uku ina zuwa ofis akawunka Malam Inuwa yana cewa ba ka nan, alhali ina ganin motarka a inuwa. Shi ya sa na sa aka rubuta mini wannan aka kai jarida, tunda nan babu mai tsare ƙofa.

Na farko, maganar inji. A soja na koyi tuƙi, kuma abin da aka fara sa mana a kai shi ne sulo, wato kukan da inji ke yi shi kaɗai, mota tana tsaye, ƙafa ba ta kan totur. Injin da ya yi zafi yana juyi kamar ɗari biyar zuwa ɗari shida a minti, har ka yi hira a gefensa. Wanda ya kwana cikin sanyi kuwa sai an ja masa cok, abin da ke rage masa iska don mai ya yawaita, ya ɗaga murya kusan ninki biyu, sannan a riƙa mayar da cok ɗin a hankali yana sauka. Haka aka ƙera shi. Ni ba ni da agogo, da carbi nake aunawa: istigfari ɗari uku, mota ta shirya.

Na biyu, abin da ya faru. Da sanyin bana Malam Inuwa ya fara sammakon zuwa ofis, ya ji motar tana ruri da safe, ya tuna da la'asar lumui take. Mutumin da keke ma sai an riƙe masa, shi ne ya yanke cewa na taɓa kafireta, wato mai auna wa inji mai, don mota ta riƙa shan mai in samu na sayarwa. Ya kira Mamman makaniki tun inji bai ɗumama ba, ya tsaya a kansa ya ce ya murɗa har sai ta yi shiru. Mamman ya ce, “Malam, in ta yi zafi fa mutuwa za ta riƙa yi.” Malam Inuwa ya ce da shi, “Aikinka nake tambaya, ba fatawa ba.” Ni ma na yi magana, aka ce in ji da sitiyari.

Kashegari na ɗauke ka da baƙonka za mu hanyar Gwarzo. A bakin Ƙofar Kabuga na sassauta don jakunan masu itace, mota ta mutu a tsakiyar ƙofa. Na tayar, ta sake mutuwa. Ka ji kunya a gaban baƙo, na sani, ni ma na ji. Amma ba ka tambaye ni ko kalma ɗaya ba, sai kora. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A kamfaninka dai wanda ke gefe yake doka.

Na uku, kuma shi ne ya fi ci mini rai. Ranar da aka sallame ni, Malam Inuwa ya miƙo mini takardar shaidar aiki da sa hannunka, yana murmushi, ya ce Allah ya haɗa ni da rabona. Ba na karatun boko. Na naɗe ta a tsumma mai tsabta, na sa a aljihun gaba, na kai wa masu mota uku da hannuna ina alfahari. Kowa ya sa a karanta masa sai ya ce in dawo wani lokaci. Na huɗun, wani Alhaji mai goro a Koki wanda ya san mahaifina, ya kira malamin makaranta ya karanta a zaurensa, cikin mutane. Nan na ji an ce ni mai ɓarnar mai ne, kuma ba a amince da ni a kan inji ba. Alhajin ya sunkuyar da kai ya ce, “Garba, kai ka yi ta yawo da wannan?” Wata guda ina tallar zagin kaina a birnin da aka haife ni. Wallahi ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, kuma har yau bai sake ni ba.

Na huɗu, don ka sani. An mayar da kafiretar yadda take. Sabon direbanka kuma kullum da safe yakan gangara da motar bayan sito, inda akawu ba zai ji ba, ya ja cok ya jira ta ɗumama. Abin da aka kore ni a kansa a fili, shi ake yi maka a ɓoye.

Buƙatata biyu ce, kuma komawa aiki ba ya ciki. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa: ka fito da kanka da safe, ka sa a tayar da kowace mota ka ga dama, ka saurare ta tana sanyi, ka sake saurare bayan ta yi zafi. In kunnenka ya gaskata ni, ka rubuta mini wata takardar, a karanta mini ita da Hausa kafin in karɓa. Alhajin Koki ya ce zai jira ni zuwa Juma'a mai zuwa, bayan nan zai ɗauki wani. Ina da bakin mutum bakwai a gida.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya ba ka masu faɗa maka gaskiya. Allah kuma ya kiyashe ka da ranar da za ka ɗauki sharrin da aka yi maka a aljihunka, kana gode wa wanda ya rubuta.

Wassalam.

Garba Direba,
Shahuci, Birnin Kano.