Hannun da Ya Dafe Sarauniya

Asabar, 4 ga Maris, 2006

An sa ranar gasar ces, wato darar Turawa, ta shiyya, sha takwas ga wata, a Birnin Kebbi. Zan je in kare kofina. Matata, Maman Glory, ta ce in duba hannuna tukuna. Na ce da hannu ake ces ko da kai? Ta ci gaba da tankaɗenta. Gaskiya dai, da safe rabin kunun da nake sha a wandona ya ƙare.

Alhamis, 9 ga Maris

Na fito da tsohon allona na ces na goge. A bariki na same shi, a Kaduna, wurin wani kyaftin da ya ga ina cinye kowa a dara, ya ce zo in koya maka ta Turawa. Baƙin doki ɗaya ya ɓace tun a Laberiya, kwanson harsashi ne ke tsaye a madadinsa har yau. Kai, zamani! Da na bar soja na dawo Zuru, har daga Dabai mutane ke takowa su ga Saja Abel yana wasa da mutum uku a zama ɗaya. Lokacin ko allura ce sai in zura mata zare a cikin mota.

Lahadi, 12 ga Maris

A coci littafin waƙa ya yi ta rawa a hannuna. Na ce wa na kusa da ni sanyi nake ji. A wannan zafin!

Asabar, 18 ga Maris, Birnin Kebbi

Dokar ces ita ce abin da ka taɓa shi za ka tura, ba roƙo, ba ja da baya. Wasan ƙarshe ya haɗa ni da Malam Zakiyyu, mai shagon yadi a Bena, wanda muka tsufa muna karawa. Na ɗaure shi tamau. Doki na nufa, hannu ya kauce ya dafe sarauniya, kuma duk inda ta motsa ta mutu. Alƙalin wasa yana can nesa. Zakiyyu ya juya wai yana neman hularsa, hular da ke kansa.

Ya ce a hankali, "Ban ga komi ba, Saja. Tura dokinka."

Na ce, "Ni na gani."

Na tura sarauniyar. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauke ta kamar mai shan maɗaci. Kofi ya tafi Bena.

Lahadi, 19 ga Maris

Ba faɗuwar ce ta dame ni ba. Zakiyyu fa, wanda ya taɓa tayar da zaure a Sakkwato don hannun rigata ya gogi soja ɗaya a kan allo, shi ne yau ke tausayina. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. A tasha na yi kamar ban gan shi ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Likita ya faɗi sunan ciwon da ke sa hannuna rawa. Ba ya warkewa, sai lallaɓawa. Na tura allon ƙarƙashin gado.

Asabar, 6 ga Mayu

Zakiyyu ya zo, wai sarin kaya ya kawo shi Zuru. Ban ga kayan ba. Maman Glory ta shimfiɗa mana tabarma a gindin mangwaro, ta ɗauko allon ba tare da ta tambaye ni ba. Ya jera shi, ya ce in riƙa faɗa, shi ya tura mini. Na ce ni ba gurgu ba ne. Ya ce to, ya tura nasa, ya naɗe hannu. Muka zauna muna kallon allo har inuwa ta gusa.

Can sai na ji bakina ya ce sojan gaban sarki, gida biyu. Ya tura.

Na cinye shi tas. Ya fusata da gaske, ya ce mangwaron da ya faɗo ne ya raba masa hankali, ya tafi ko ruwan bai shanye ba. Rabon da in ji daɗi haka har na manta.

Ba wai na yarda da tsarin nan ba ne. Na dai bi shi har bakin hanya na ce Asabar mai zuwa ya zo da wuri.