Lambar da Ta Ƙi Sauka

Talata da dare.

Yau Dokta Sabo ya ce mini "don Allah". Shekara da shekaru ina sa mutane barci a ɗakin tiyata, amma tun da aka kawo na'urar da ake liƙawa a goshi, wadda lambarta ke sauka idan barci ya yi nauyi, ya ce taɓa jijiya da yatsa aikin ƙauye ne.

Wani manomin Kusasu muka yi wa aikin gwaiwa. Na buɗe iskar sa barci ta naitiros, mutumin ya yi nisa a barci, amma lambar na'urar ta ƙi sauka, kamar idonsa biyu. Na san halinta, ba ta ganin aikin wannan iskar. Dokta bai sani ba. Ya ce in ƙara magani, na ƙara. Ya ce in sake, na sake. Jinin manomin ya yi ƙasa, leɓensa ya yi fari, ni kuwa na yi gum ina kallon gumi yana jiƙa takunkumin Dokta.

"Sista Rahila, don Allah, me ke faruwa?"

Sai a lokacin na rage maganin. Manomin ya farfaɗo da la'asar, matarsa ta durƙusa tana yi mini godiya. Tun ɗazu nake laluben nadama a zuciyata, ban samu ba. Har yanzu "don Allah" ɗin nan daɗi yake yi mini.