Yumɓun da Ban Fasa Ba

Dakar, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Kadidia,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya Baba da maƙera? Ni lafiya lau nake, sai kewar gida da ta hana ni sakat.

Yaya, na bar kamfanin da ya kawo ni nan. Na kama ɗaki ɗaya, na sa tebur da ordinater biyu, wato kwamfuta, ina gina wa ƴan kasuwa shafukan intanet. Ba patron, ba ubangida a kaina yanzu. Na san za ki ce taurin kan nan nawa ne ya motsa, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Shekara huɗu ke nan Baba bai karɓi wayata ba. Tun ranar da na ce masa Yamai zan tafi karatun ordinater, ba zan gaji maƙera ba, maganarsa da ni ta ragu, da na ƙetare ƙasa kuma ta ƙare. Kin tuna aikina a maƙera? Ya sassaƙa abin wuya da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya tsiyaye, ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. In ya huce, ni kaɗai yake miƙa wa masaba in fasa yumɓun. Ko kawu Issouf ba ya bari ya taɓa, yana cewa fasawa ta ɗan gida ce. Wallahi har yau in na ji warin gawayi a titi sai in tuna maƙerarmu.

Ki turo mini hotunan aikinsa. Zan yi masa shafi, duniya ta gani, ko ya gane ban watsar da shi ba.

Ƙaninki,
Saidou

Dakar, 19 ga Mayu

Yaya Kadidia,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar kowa, na ji saƙonki, kuma kunya ta ishe ni.

Laifina ne. Da wata mata mai kanti a Marseille ta ga hoton wani abin wuya na Baba a shafin, ta ce tana son ɗari irinsa sak, na amsa mata nan take ban tambayi kowa ba. A aikina abu ɗaya nake ginawa in kwafe shi sau dubu, ba ya canzawa. Na manta, ni da na fasa yumɓu da hannuna shekara goma, cewa kakin ya narke, yumɓun ya fashe, babu na biyu.

Kin ce Baba ya ajiye awartaki, ya ce a gaya wa mai injin nan cewa ya manta gidan da ya fito. Bai ma kira sunana ba, Yaya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na rubuta wa matar na ba ta haƙuri, na gaya mata yadda ake aikin, na sauke shafin.

Kada ki roƙe shi saboda ni. Ki dai gaya mini gaskiya game da idanunsa, don Inna ta ce yanzu sai ya kai kakin dab da hancinsa yake gani.

Naki,
Saidou

Dakar, 27 ga Yuli

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Ki durƙusa ki gaida mini Baba.

Alhaji Inoussa, maƙwabcinmu mai fataucin fata, ya iso jiya ya kawo mini wani ƙulli. Na zaci kilishi ne kika aiko. Da na kwance tsumman sai ga dunƙulen yumɓu gasasshe, da baƙin wuta a gefensa, ba a fasa ba. Na ɗaga na ji nauyin azurfa a ciki. Alhaji ya ce Baba da kansa ya kai masa har tasha, bai haɗa shi da ko kalma ɗaya ba. Ya ce kuma tun watan jiya ba a hura wuta a maƙerar ba, wannan ne na ƙarshe da Baba ya zuba.

Na zauna a ƙasa gaban Alhaji na yi kuka, ban ji kunya ba. Kawu Issouf yana nan kusa da Baba, masaba tana nan, amma ya aiko shi har Dakar.

Dunƙulen yana kan teburina, gefen ordinater. Ban san me ke ciki ba, kuma ba zan fasa shi a nan ba. Aikina yana bina duk inda na ɗauki ordinater, don haka na yanki tikiti. Ranar Laraba zan sauka Yamai, in hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Agadas. Ki ce wa Inna ta dama fura. Baba kuma kada ki ce masa komai game da zuwana, ki dai duba mini ko ƙaramar masabar nan tana rataye a inda na bar ta.

Ƙaninki mai kewarku,
Saidou