Kwaɗon da na sa wa shagon Baba

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Nan kowa ƙalau, ƙafar Goggo ma ta yi sauƙi har ta koma yi wa jikoki faɗa.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, don a waya ba zan iya ba. Kin tuna ranar da zarto ya yanke masa yatsa, kika ce rawar hannun nan ta yi yawa, in lallashe shi ya bar aikin kafinta. Na ce miki lallashi na yara ne. Washegari na sayi sabon kwaɗo na garƙame shagon, Baba ya zo da tsohon makullinsa ya ƙi buɗewa, maƙwabta suna kallo. Ya juya gida, kwana huɗu ana fitar da kwanonsa yadda aka kai.

Matata ce ta nuna mini abin da kike nufi. Ta kai masa kujerarta da ƙafa ta karye, ta zauna ƙasa, ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba, ya gaya mata inda za ta buga ƙusa. Yana nunawa tana bugawa, yana mata tsiya wai tana riƙe guduma kamar ludayi. A nan ya ci abinci. Da bakinsa ya ce mata ya san hannun ya gaji, so yake a bar shi ya faɗa da kansa. Ashe lallashi ba wayo ba ne, ba kuma raini ba. Zama ne kusa da mutum har ya sauko da mutuncinsa a hannu.

Na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Amma tun ranar, in na gaishe shi sai ya amsa da ranka ya daɗe, kamar baƙo. Don Allah ki kira shi, ke yana jin maganarki. Kada ki roƙa mini komai, ki dai yi masa hira.

Goggo da Auta da matata suna gaishe ku. Ki shafa mini kan yara.

Yayanki.