Mijina Mai Gyaran Firij Ne, An Ce Shaye-shaye Yake Yi

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure mai albarka. Mai kula da zaure, don girman Allah ki sakaya sunana da lambata, domin a Rano ko tari ka yi a ɗakinka sai an ji a tasha. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle, kuma maganar ba irin wadda zan zauna in baje wa dangi ba ce.

Maigidana mai gyaran firij da firiza ne. A Kano ya koyo sana'ar, ya dawo gida ya buɗe shago lokacin da ake ta hidimar ƙaddamar da Shari'a, a tsakanin nan aka yi aurenmu. Masu ƙanƙara, masu zoɓo da kunun aya, masu yogot, daga nan har Kibiya da Tarai shi suke nema, ya ɗaure silindar gas a bayan babur ya tafi. Da aikin nan ya gina mana gida, da shi yaranmu suka yi karatu. Tunda nake da shi ban taɓa ganin sigari a bakinsa ba, goro ma sai an matsa masa, sallah kuwa ba ta wuce shi. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce na zo ɓata mijina.

To amma aikin nan ya ci jikinsa, wannan kam ba boka ba malam kowa yana gani. Bayansa ya tafi wajen cicciɓar firiza, in ya yi ruku'u sai ya dafa gwiwa da kyau kafin ya ɗago. Kan yatsunsa duk fatar ta mutu inda gas ya sha ƙona shi, ko maɓallin riga da ƙyar yake sa wa. Ga wani busasshen tari da ba ya jin magani, ga idanu kullum jajir, ga rawar hannu, in na miƙa masa shayi sai na rage kofin don kada ya zuba a jikinsa. Yanzu kuma mantuwa ta shigo, da jiri. Wata rana zai dawo daga shago yana magana a sanyaye, kalma ɗaya-ɗaya, kamar wanda aka tasa daga barci. Na yi ta fama har na samu ya yarda muka je asibiti a Kano, likita yana auna ƙirjinsa ya tambaye shi ko yana shan taba ko wani abu makamancinta. Ai kuwa mutumin nan ya sa hularsa ya fice, ya bar ni da kati a hannu. A mota ya ce shi ba za a ci masa mutunci da furfurarsa ba. A lokacin na goyi bayansa, amma yanzu ficewar nan tana dawo mini a rai, ina ta tambayar kaina me ya sa tambaya kawai ta ƙona shi haka.

Bari in gaya muku yadda yake aiki, don duk rigimar daga nan take. Shagon ɗan tsukukun ɗaki ne, ba taga. In zai yi walda a bututun firij sai ya ja ƙofa ya rufe kansa a ciki, wai iska tana kaɗa masa wutar, ɗinkin ba ya kamawa. In siririn bututu ya toshe, fetur yake guntsa ya hura da baki. In ya sayo gas kuma sai ya ɗan saki ya kai hanci, wai da haka yake gane na jabu, haka man kwamfuresa, wato injin firij, sai ya shinshina yake sanin ko ta ƙone. Na sha yi masa tsiya ina cewa wata rana hancin nan zai nemi a ba shi nasa kuɗin aikin, ya yi dariya ya ce haka ogansa ya koya masa, haka kowa yake yi.

Yanzu ga inda matsalar take. Babbar 'yata ta gama makaranta, ta samu wanda take so, yaro mai hankali, malamin firamare ne, asalinsu 'yan Kahu ne amma a Kibiya suke zaune. Mahaifiyarsa Hajiya mun san juna, mun sha haɗuwa a taron Islamiyya, mace ce mai kirki ba zan yi mata ƙarya ba. Magana ta yi nisa, sai suka turo dattawa biyu bincike kamar yadda aka saba. Maimakon su tsaya a unguwa sai suka biya ta shago. Suka tarar da ƙofa a rufe da rana tsaka, suka yi ta sallama shiru, sai da suka bubbuga sannan ya buɗe, hayaƙi ya biyo shi, ya fito yana tangaɗi, ido jajir, bakinsa na warin fetur, suna gaishe shi yana amsawa da ƙyar. Wani maƙwabcin shago kuma, Allah ya isa tsakanina da shi, ya ce musu ai kullum haka yake, in ya kulle kansa sai ya yi mankas yake fitowa. Shi ke nan magana ta koma Kibiya, wai uban yarinya shaye-shaye yake yi.

Da labarin ya zo mini na yi ta masifa, na ce sharri ne, hassada ce. Amma 'yan uwa, akwai abin da na gani da idona wanda ban gaya wa kowa ba sai ku. Kwanakin baya ya shigo da ƙaramar silinda gida, ya ajiye a zaure. Na fito da hantsi zan zubar da shara, sai na gan shi a tsugune, ya buɗe ta, ya kafa hanci, ido a rufe, yana ja yana ƙara ja. Ba irin shinshinawar da na sani ba ce. Na tsaya har ya ɗago ya gan ni, kuma wallahi sai da ya firgita. Da na tambaye shi sai ya ce hancinsa ne ya mutu, da can ɗan kaɗan ya ishe shi, yanzu sai ya ja sosai kafin ya ji wani abu. Kuma gaskiya ne ba ya jin wari, ranar nan miya ta ƙone ƙurmus yana zaune a bakin kicin bai sani ba. To amma in haka ne, firgitar ta mece ce?

Tun daga ranar na zama 'yar sa ido a gidana, abin da ban taɓa yi ba. Ina shinshina rigarsa kafin in wanke, ina lalube aljihu, ina leƙa ƙarƙashin kujerar babur. Ban ga ƙwaya ba, ban ga kwalba ba, ban ga komai ba. Sai dai na lura ranar da bai je shago ba ba a zaman lafiya da shi, ciwon kai, faɗa da yara, ya kasa zaune ya kasa tsaye, da ya leƙa shagon ya dawo sai ka ga ya natsu. Zuciyata ta ce kin gani ko. Can kuma sai in tuna lokacin da ya je jinyar mahaifiyarsa a Zurgu ya daɗe bai taɓa aiki ba, ya dawo idonsa fari tas, tarin ya lafa, bai nemi komai ba a can. Na gaya wa Yayana wannan, shi kaɗai na ɗan gutsura wa, sai ya ce ai ko mai shaye-shaye in ya bari idonsa washewa yake yi. Kun ji, duk ta inda na juya maganar sai ta zauna daidai. Yaya ya ce a kai shi gwajin fitsari a huta, ni kuwa ban ma san ko gwajin yana nuna irin wannan ba, kuma mutumin da ya fice don tambayar likita, wa zai tunkare shi da wannan?

Shekaranjiya Hajiya ta zo gidana da kanta. Ba ta zo da faɗa ba, da ma ta zo da shi da ya fi mini sauƙi. Ta ce mazan gidansu sun ce a janye, ita ce ta roƙa a dakata, don tana son yarinyar. Ta ce ba wanda ya san miji kamar matarsa, in gaya mata tsakanina da Allah, yana sha ko ba ya sha, abin da na faɗa shi za ta kai musu, kuma a kansa za su tsaya. Na buɗe baki zan ce ba ya sha, sai hotonsa a tsugune gaban silindar nan ya faɗo mini. Na ce mata baƙi na tafe, ta ba ni zuwa Alhamis. Ta dube ni, ta ce to, ta tafi.

Da la'asar ya dawo, ashe labarin zuwanta ya riga ya kai masa. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan tabarma yana ta kokawa da maɗaurin agogonsa, yatsun sun ƙi kamawa, ya tambaye ni me na ce mata. Na ce ban ba ta amsa ba tukuna. Ya daɗe yana kallona da jajayen idanun nan, sannan ya ce, "Ashe sai kin yi tunani." Tun ranar abincina ma a zaure yake ci, ni kuma ina ɗaki ina kuka, don in aikin da ya ciyar da mu ne ya mai da shi haka, to na zalunci bawan Allah zalunci mai girma. Yarinyar kuwa ba ta san komai ba, jiya ma hotunan kayan kicin take nuna mini a waya tana tambayata wanne ya fi.

Don Allah masu gyaran firij da ke cikin zauren nan, da matansu, da ma'aikatan asibiti, aikin nan shi kaɗai yana mai da mutum haka? Ko kuwa mutum yana iya sabawa da gas ɗin har ya zame masa jaraba shi kansa bai sani ba? In na ce wa Hajiya ba ya sha, da sunan Allah ta tambaye ni, kuma ban tabbatar ba. In na ce ban sani ba, na kashe auren 'yata da bakina, na kuma tabbatar wa garin nan abin da suke faɗa a kan uban 'ya'yana. Ku gaya mini, ranar Alhamis in matar nan ta yi sallama, me zan ce mata?