Ƙarfen da Yero Ya Aiko

Litinin, 1 ga Afrilu, 1985

Na buɗe injin shuɗiyar motar Baba. Karanshaf ya karye gida biyu, ƙarfen nan da fistin duka ke rataye a jikinsa. In babu shi, inji tukunya ce kawai. Na zaga Sabon Birni kaf, ba mai irinsa, don motar ta tsufa.

Ga kuma saƙon Inna daga Tozai. Rijiyar unguwarsu ta ƙafe, maƙwabtan da ke ɗebo mata ruwa za su tashi ranar sha biyu ga wata. Ƙafafunta ba sa ɗaukar ta, jaki ba ta iya hawa. Ta ce wa ɗan saƙo, "A hwaɗa ma Atiku, motar ubanai nika jira. In ba ita ba, nan za ni zamna." Na san Inna. Za ta zauna ɗin.

Laraba, 3 ga Afrilu

Maijidda ta kawo mini tuwo ta ce, "Malam, ka aika ma Yaya Yero a garin Isa mana." Na ture kwanon. Matata ce, amma wani lokaci kamar ba ta san gidan da ta shigo ba.

Shekara bakwai ba mu gaisa ba. Ranar sadakar bakwai ta Baba, a gaban mutane, ya ɗauki farar motar da akwatin ma'aunai, ya bar mini shuɗiyar, ya ce, "Hannun Atiku bai kai ga cikin inji ba." Uwa ɗaya uba ɗaya, ya faɗa mini haka. Ko da baki za ni tura motar nan zuwa Tozai, ba ni roƙon sa.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Saniya biyu sun faɗi a bakin kasuwa, ko mahauta ba su kula su ba. Babu karanshaf.

Asabar, 6 ga Afrilu

Sodangi direba ya sauke mini buhu a ƙofar gareji. "Wanka ya ce in ba ka." Na ce mi yac ce kuma? "Bai ce komi ba." Ashe Maijidda ce ta aika a bayan idona. Za mu yi magana da ita.

Karanshaf ne, baƙi ƙirin da tsohon mai. Na duba inda lamba take zama, babu. An goge wurin sumul.

To, na gane. Motocin nan iri biyu ne masu kama da juna, karanshaf ɗin ɗaya ya fi ɗaya tsawon jifa, wato nisan da yake tura fistin. In ka ɗaura mai dogon jifa a injina, fistin zai daki kan inji, komai ya tarwatse. Ya goge lambar don kada in gane, in ɗaura, in fasa motar Baba da hannuna, ya zauna a Isa yana cewa ai ya faɗa. Mugu. Ko Inna bai tuna ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Ma'aunai suna wurinsa, sai na yi yadda Baba ke yi kafin ya saye su. Na kafa gwafa biyu a ƙasa, na ɗora ƙarfen, na tsaida karan gero a gefensa. Na juya hannun karanshaf ya hau sama, na tsaga karan da wuƙa. Na juya ya sauka, na sake tsagawa. Na gwada da karyayyen nawa.

Daidai suke. Sau huɗu na auna, da kara huɗu.

Ban yarda ba. Kara ba ya ganin kaurin gashi, kuma wanda ya goge lamba yana da abin da yake ɓoyewa. Saura kwana biyar.

Litinin, 8 ga Afrilu

Ban taɓa shi ba. Maijidda ta ce an ce tulu ɗaya ake raba wa gida uku a Tozai. 

Talata, 9 ga Afrilu

Na wanke shi da kananzir don in nemi tsaga. Gugar ba sabuwa ba ce. Sabuwar guga fara ce tana ƙyalli, wannan ta yi duhu kamar sauran jikin ƙarfen. A gefenta akwai wani rami karkatacce, inda dutsen washi ya zame.

Na daɗe ina kallon ramin, sannan na kalli babban yatsana na hagu. Tabon yana nan.

Ni na goge lambar. Ina ɗan shekara goma sha uku Baba ya tafi masallaci ya ce a cire wa ƙarfen tsatsa. Ni kuwa na ga rubutu ya taso a jikinsa, na ɗauka datti ne ya daskare, na bi shi da dutsen washi har ya kwanta, dutsen ya zame ya yanke ni. Baba ya dawo ya tambayi wa ya yi. Na ɓoye hannuna a riga. Yero ya kalle ni, ya rufa mini asiri, shi ya sha bel ɗin fanka har sai da Inna ta fito.

A farar motar Baba ya ɗaura ƙarfen nan. Ita da shuɗiyar tagwaye ne. Ke nan daidai yake.

Ke nan kuma daga cikin farar ya fito.

Laraba, 10 ga Afrilu

Na tare Sodangi a tasha, na tambaye shi labarin Yero. Da ƙyar ya yi magana. "Tun Juma'a motatai tana bisa duwatsu, inji a buɗe. Ranar kasuwar Bafarawa wasu sunka kwashe fasinjojinai, shi yana zamne." Da motar yake ciyar da mutum tara, a shekarar da gona ba ta ba kowa ko dami ba. Sodangi ya ƙara da cewa, "Ya ce kada in hwaɗa maka, wai in ka sani ba ka ɗaurawa."

Har yanzu shi ne mai sanin halina. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Na ɗaura shi, bugu biyu motar ta tashi. Hannun da bai kai ga cikin inji ba.

Asabar, 13 ga Afrilu

Inna tana ɗakin Maijidda, ta sha ruwa kofi uku kafin ta gaisa da kowa. Jiya da na isa Tozai maƙwabta sun gama ɗaure kaya, ita tana zaune a kan tabarma da ƙullinta, ko mamakin ganina ba ta yi ba.

A dawowa na bi ta cikin Isa. Hanyar ta fi ƙarancin rairayi, shi ke nan dalili. Yana zaune a gindin darbejiya kusa da farar motar. Ya rame. Ya durƙusa ya gaida Inna ta taga, ni bai kalle ni ba. Ya kasa kunne ga injin ya ce, "Wutarka ta yi gaba kaɗan." Na ja mota. Shekara bakwai, abin da ya samu ya faɗa mini ke nan.

Da safen nan na duba saitin wutar injin. Ta yi gaba kaɗan ɗin.

An ce akwai mai tsofaffin ƙarafa a Gusau. Gobe za ni, da karan gerona a aljihu. Ba don komai ba, ba ni son a ce motar Yaya tana kan duwatsu saboda ni.

Na ga abin da na rubuta: Yaya. Biro ne, ba ya gogewa.