Wayar da Na Miƙa Gabas

Zuwa ga Yaya Buba, a ƙasar Sudan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan Azare lafiya lau, an cire gyaɗa har an fara kai ta sikeli. Inna tana nan, sai dai kunnenta ya soma nauyi.

Saƙonka ya iso ta bakin Alhaji Sule na Gamawa da ya dawo daga Makka. Ya ce kana yi wa wani Bature aiki, mai injin magana da nesa a gidansa don sha'awa kawai, kuma ya yi maka alkawarin wata Juma'a bayan la'asar zai bari ka yi mana magana ta rediyo, a zangon mita ashirin. Wace Juma'a ce, Alhaji bai sani ba. Tun daga ranar Inna ba ta da zance sai wannan. To, ga halin da ake ciki game da eriya.

Biyu ka bar mini. Akwai ta gora mai juyawa da ka kafa a kan soro, akwai kuma doguwar waya mai reshe biyu da ke naɗe a rumbu. Na gwada su yadda ka koya mini bayan dawowarka daga yaƙi: "Kada ka yabi eriya sai ka ji ta a mita iri uku."

Ta gora ta fi, babu gardama. In na juya ta kudu, labarai a mita sittin tangaram, kamar mutumin yana zaure. In na juya ta gabas, ga Larabawa a mita talatin da ɗaya, ga masu hira a mita ashirin. Aibinta ɗaya, sai an hau soro kafin a juya ta.

Ka san ba a taka tsani sai an yi shela, "Za a hau!", matan maƙwabta su shige ɗaki. Mai gyaran indararo kafin damina yake hawa, ni kuwa safe da yamma. Tuwon gidan Malam Isa ya ƙone. Goggo Ladi ta bar shanya, kaji suka yi biki, ta aiko a tambaye ni ko shamuwa ce ta haife ni. Na gwada ja da igiya daga ƙasa, gorar ta karkace. Mai unguwa ya kira ni, cikin mutunci, ya ce in tsayar da abin wuri guda. Gaskiyarsa ce.

In dai tsayawa za a yi, doguwar waya ta fi jin nesa. Amma inda ta buɗe baki kaɗai take ji, gefenta kurma ce. Mutanen zaure suka ce a miƙa ta kudu saboda farashin gyaɗa da labarin zaɓe. Malam Isa ya ce wanda ya yi gabas ai ya yi gabas.

Na ɗaure reshe ɗaya a tsamiya, ɗaya a giginyar bayan gida, bakinta yana kallon gabas. Labarai sun koma shuu. Zaure ya watse, yanzu can tasha suke zuwa saurare. Ban ji daɗi ba, amma ban kwance ba.

Kowace Juma'a ina kai batir wurin masu lori a cika shi. Inna takan kawo tabarmarta ta zauna dab da akwatin rediyon. Bara daga bakin ƙofa take ji, bana sai ta jingina kunne da shi. Duk Baturen da ya yi magana sai ta dube ni, in girgiza kai.

Yaya, waya za ta jira, kunnen Inna ne ba zai jira ba. Ka roƙi mutumin nan ya gaggauta. In ka samu, kada ka ɓata lokaci wajen gaishe ni. Ka ɗaga murya, ka fara da ita.

Allah ya tsare ka, ya sa ta ji ka tun tana ji. Amin.

Ƙaninka,
Hamidu mai gyaran keke